Zuwa Ga Baturen Tsarnawa, Angon Da Ya Je Neman Ƙanƙara A Gonar Albasa

Ɗan kawu, ina ɗari? Ina mura? An ce mini har yau da tsumma kake yawo a aljihu, muryarka kuma ta dushe, wai in ka ce "naira ko sefa" a bakin tashar Ƙonni sai mutane su waiga suna neman tsohon da ya yi magana. Allah ya ƙara sauƙi. Sauƙi na ce, ban ce lafiya garau ba tukuna, don ina son ka ɗan ƙara kwana biyu a kwance, ka karanta takardar nan har ƙarshe ba tare da ka sami ƙarfin biyo ni da sanda ba.

Kafin ka kumbura, bari in tuna maka matsayinka. Uwata da ubanka nono ɗaya suka sha, saboda haka namanka halal ne a bakina tun ranar sunanka. Abin ma ya wuce gida. Tun shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai da na ƙabilu na Nijar cikin kayan gadon duniya. Ka ga ke nan in na zage ka, aikin raya al'ada nake yi, lada ma ya kamata a ba ni. In kuwa ka yi fushi, ba da ni kake faɗa ba, da Majalisar Ɗinkin Duniya kake.

To, hotuna sun iso. Ba sai ka aiko ba, WhatsApp ya yi maka aike. Daga Dogarawa har Bazaga babu wayar da ba ka shiga ba, har 'yan bidarmu na Abidjan da Legas sun kira suna tambaya wai yaushe ka sami biza. Hoton kafin aure, in ji ku 'yan zamani. Ba ni da ja a kan amarya, tubarkalla masha Allah, yarinyar nan ko a bakin juji aka tsayar da ita juji zai yi kyau. Damuwata wancan dogon abin da ke tsaye kusa da ita.

Na san inda ciwon ya kama ka, don yaron shagonka bakinsa ba ya da ƙofa. Kana zaune ciniki ya yi sanyi, kana ta murza waya, sai ka ci karo da hoton wani Bature da budurwarsa a Central Park, lambun nan na tsakiyar birnin New York. Suna tsaye kan wata 'yar gada, itatuwa sun yi fari fat, dusar ƙanƙara na sauka, shi da kwat har gwiwa, ita da jan ƙyalle a wuya, tururi na fita bakinsu. Sai ka dafe ƙirji ka ce, "Wallahi irin wanga nika so." Allah sarki. Mutumin da iyakar tafiyarsa yamma Dogon Dutsi, iyakarta gabas Maradi, shi ne zai yi hoton ƙanƙara.

Da ka tambaye ni, da na gaya maka lambun nan ba daga sama ya faɗo ba. Hannu ya yi shi. Tun 1858 aka fara buɗe shi ga jama'a, faɗinsa hekta 341, tafkin da ka gani haƙa shi aka yi, itatuwan dasa su aka yi, har tuddan an gyara musu zama. Sanyin kuma na gaske ne, irin wanda ruwa ke daskarewa a waje. Bature da ka gani yana murmushi, da zarar mai hoto ya ce an gama, da gudu zai nemi ɗaki mai ɗumi. Shi dole ce ta sa shi kwat. Kai mece ce ta sa ka?

Mu ma muna da namu ɗarin, ban raina shi ba. A Disamba da Janairu, da asuba, buta kan yi wa mai alwala barazana, tsofaffi su kewaye wutar kara, mai shayi da mai ƙosai su yi sarauta, leɓe ya tsage, faso ya buɗe baki, man kaɗe ya yi daraja. Amma ɗarinmu ɗan safe ne, ba ya wuni. Kafin azahar rana ta karɓi mulkinta, zafi ya haura digiri 30, kowa ya tuɓe abin da ya jibga. Ko mutanen Masallata, masu buɗin daji, da ke duba abin da shekara za ta zo da shi tun kaka da kakanni, ban taɓa jin sun hango dusar ƙanƙara a ƙasar Ƙonni ba. Kai kaɗai ka hango ta, a waya.

Abokanka sun ba ka shawara mai kyau. Suka ce tunda lambu kake so, ka ɗauki yarinya da ƙawarta ku tafi Yamai, ga gidan tarihi na Bubu Hama da inuwarsa da namun dajinsa, ga bakin kogin Isa, ga gadar Kennedy, a hanya ma ku tsaya Kure ka gaisa da 'yan uwanka raƙuman dawa. Da ka ji tafiyar ta haura kilomita 400, ka lissafa kuɗin mota na mutum uku, zuwa da dawowa, ga abinci, sai kishin ƙasa ya taso maka nan take. Wai kai ɗan Adar ne, a Adar za ka yi hotonka. Ɗan kawu, mun san kishin nan. A aljihu yake kwana.

Daga nan aka shiga babin Illela, wanda ni a ganina ya cancanci a riƙa ba yara labarinsa da dare. Tun muna ƙanana kake cika mana kunne wai jininku na sarauta ne, wai ta wajen kakar kakarka kun haɗu da Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya kafa sarautar Adar. Kawu dai bai taɓa faɗin haka ba, shi fataucin goro ya sani. To sai ka ce hoton farko a ƙofar fadar Sarkin Adar za a yi shi, ka buga wa mai hoto waya ka ce, "Gobe da sahe mu gamu Illela." Ka kashe waya da sauri don kada kuɗi su tafi.

Kai ka bi ta Tsarnawa, ka hau hanyar Tawa, ka ratse a Badagishiri, ka isa Illelar Adar ka zauna jira. Shi kuwa bawan Allah, ɗan Ƙonni da ya saba, in an ce Illela ƙafarsa kudu take yi, ya hau kabu-kabu ya tsallaka iyaka, cikin ɗan lokaci ga shi a Illelar Najeriya ta jihar Sakkwato, ya sami benci ya zauna shi ma yana jira. Kana kira kana cewa "ga ni bakin kasuwa," yana cewa "ni ma ga ni bakin kasuwa." Kowa gaskiya yake faɗi. Ango a ƙasa ɗaya, kyamara a wata ƙasa. Da ka ƙara dala biyar ta waya ka ce "ta Adar," da an huta. Amma ina, ɗan canji ba ya asarar dala, sai dai ya yi asarar wuni da man moto.

Na Malbaza ba zan daɗe a kansa ba, don tausayi. Ka ce hoton Bature akwai dogayen gine-gine a baya, kai ma sai an sa maka. Aka duba duk yankin, abin da ya fi tsawo shi ne masana'antar siminti da ke can tun shekarun 1960. Ka tsaya bakin titi daga nesa, ka sa hannu a aljihu, manyan motoci na wucewa suna yi maka hoda kyauta. Da ka matsa wajen tashar wutar hasken rana da aka buɗe a 2018, mai megawat 7, da aƙalla an ce ango mai hangen gaba ne. Sai kuma na ji wai ka nemi a tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi ya ɗauko ku daga sama. A bakin iyaka, a wannan zamani! Allah ya saka wa mai hoto da alheri da ya ƙi. Da yanzu tuwo muke kai maka wajen jandarma.

Yarinya ce ta cece ka, kuma ina jin haka za a ci gaba har tsufa. 'Yar Galmi ce, a cikin albasa ta buɗe ido. Ta ce maka in dai kore ake nema da ruwa, me ya fi gandun noman rani na Ƙonni? Ka yatsina fuska, wai gona ce. Gona ce mana! Amma gonar ta haura hekta 2,400, ka lissafa da kanka tunda lissafi ne sana'arka, ta ninka lambun Baturenka sau bakwai. Ruwanta daga madatsun Mozage da Zango yake gangarowa ta magudanai, ga alkama ta yi shar, ga kabeji, ga tumatir, ga lawashi iya ganinka, a daidai lokacin da duk sauran daji ya bushe ƙayau. Nasu lambun kallo ake yi a koma gida da yunwa. Namu ana kallo, ana kuma miya da shi.

Sai maganar kwat. Wayyo kwat! Ran Laraba ka shiga kasuwar Ƙonni wajen 'yan gwanjo, ka zaɓo wanda ya fi kowane nauyi, baƙi, mai gashi a wuya, da ganinsa ka san mai shi na farko ya yi fama da sanyin Rasha kafin Allah ya karɓi abinsa. Ka haɗa da safar hannu da hular ulu mai tuntu. An yi da mai hoto za a fara da fitowar rana. Ka tashi da asuba, jaura na kaɗawa, amma don kada kwat ya yi ƙura sai ka naɗe shi cikin leda ka ɗaure bayan moto, ka hau da 'yar shadda shara-shara. Ka isa kana kaɗa haƙora. Amarya kuwa tana wajen mai kwalliya, ita da ƙawayenta, ba su fito ba sai da rana ta take tsaka. A lokacin ne ka kwance leda. Da ana sanyi kwat na cikin leda, da aka shiga zafi kai kana cikin kwat. Wannan dabara ko a Illela ba a taɓa jin irinta ba, duka biyun.

Da ka sa shi ka ɗora hula, ka fito sak buhun albasar Galmi, irin wanda ake cikawa har ya yi tozo a ɗinka masa hula a loda shi motar Abidjan. Bambancin kawai, shi buhun ana rububinsa. Zufa na kwarara, ƙura na mannewa, kana murmushin dole, masu ban ruwa sun kashe inji sun zo kallo. Wani dattijo, an ce, ya matso a hankali ya tambayi ƙawar amarya ko masassara ce ke damunka, ya ce asibitin Galmi ba nisa, tun 1950 suke ganin irin wannan.

Tsayuwar hoton ma abin a tsaya a kai ce. Akwai wanda kuka juya wa juna baya kuka harɗe hannu, wanda duk mai hankali zai ɗauka sulhu ya gagara. Akwai wanda kake nuna mata wani abu can nesa da yatsa, tana kallo tana mamaki. Na buɗe hoton da yatsu biyu na duba wurin da kake nunawa, jaki ne ke cin kara. Ga kuma ƙanen amarya, ɗan sandan da uwarta ta haɗo ku da shi, wanda aikinsa ya tabbata ba ka matsa ba. Yaron nan ya iya aiki. Kusan kowane hoto akwai gefen kunnensa ko ƙafarsa, yana shan rake yana harararka. Tazarar da ya bari tsakaninku, amalanke zai wuce da kaya bai taɓa kowa ba.

Amma tsakani da Allah, akwai hoto ɗaya da ya yi kyau, kuma shi ne ka hana a fitar. Mai hoto ya ce ku taka a hankali bisa kunya kuna hira. Ita ta saba, tana tafe ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba. Kai da takalminka mai tsinin baki, taku kaɗan santsi ya kwashe ka, ƙafa ɗaya cikin fangalin albasa, ɗaya a sama, hula ta yi nata wuri. A daidai nan ya danna. Yarinya ta tuntsire da dariya har ta manta da kwalliyar da aka wuni ana yi, mayafi na tashi, lawashi kore shar a gabanta, bayanta kuma hazo ya lulluɓe itatuwan bedi, rana ta yi fari ba ta da zafin kallo. Kai ma fuskarka a nan ce kaɗai ta zama taka.

Hazon nan da kake tsinewa, ka san daga ina yake? Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi, gindin wani tsohon babban tafki da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ke kwaso shi, ya ratsa mu, wani ma ya haye teku har dajin Amazon ya zama taki. Masu hoto na ƙasashen waje kuɗi suke kashewa su sayi lema da farin ƙyalle don su tausasa hasken rana, kai ga shi an kawo maka har gona, ba kuɗin duwan. Farin da kake nema a kan itace ma ai ka samu: duba girarka da gashin bakinka a hoton, sun yi furfura tun ba ka ajiye iyali ba.

Duk wannan bai ishe ka ba, sai da ka zauna kan mai hoto ya zuba maka ƙanƙara da kwamfuta. Ga dusa na sauka kan albasa, ga inuwarka gajeriya a ƙasa tana shaida cewa azahar ce. Ka ce kuma a ɗan wanke maka fuska. Aka wanke, aka ƙara wankewa, har tsagar gidanku ta ɓace. Da aka nuna wa Inna, ta kai wayar kusa da ido, ta janye ta nesa, ta ce, "Ɗiyar na gane ta. Wanga Balarabe fa, wane na?" Uwar da ta haife ka ke nan.

Zan ɗan sassauta maka a nan, don abin gado ne, ba kai ka fara ba. Ka shiga ɗakin Kawu ka dubi hoton nan baƙi da fari da ke rataye sama da gado. Yana tsaye ƙiƙam bai yi murmushi ba, Inna na zaune, bayansu labule ne da aka zana wa bene da jirgin sama, hannunsa kuma na kan wata rediyo wadda har gobe ba tasa ba ce. Haka ake yi a lokacin, ko'ina. Seydou Keita, mashahurin mai hoton Bamako, ajiye agogo da rediyo da babur yake yi a gidan hotonsa don masu zuwa su ara su fito da su, yau ga hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya. A Yamai ma Philippe Koudjina ya ɗauki samari da 'yan matan shekarun 1960 da 1970 cikin ƙwalisarsu. Son a gan ka inda ba ka je ba tsohon ciwo ne. Sai dai su magabata a cikin ɗaki suke aron birnin mutane, a inuwa, a gama cikin ɗan lokaci, kuma bayan an ɗaura aure. Kawu hoto guda ya yi, ga gida cike da ku. Kai hotunanka sun cika waya har tana kuka, ko katifa ba ka saya ba.

Wannan ya kawo mu inda liman ya tsaya a huɗubarsa ran Juma'a. Kada ka ce ba da kai yake ba, duk sahu kai aka waiga aka kalla. Malamai sun daɗe suna faɗa cewa sa rana ba ɗaurin aure ba ne, yarinya tana nan 'yar gidansu har sai an biya sadaki, waliyyai sun yi siga, an shafa fatiha an raba goro. Ni ba malami ba ne, taubashi ne, nawa lissafin daban. Ka riga malam masallaci, ka baza hoto duniya, alhali akwatin lefe ko rabi bai kai ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ka ce kaya sun yi tsada, atamfa ba ta shigowa, muka yi maka uzuri. An buɗe iyaka tun Maris na 2024. Uzurinka ne kawai har yau ba a rufe ba. Surukinka kuwa manomin albasa ne, mutumin da ya iya zuba kaya a rudu ya jira wata da watanni sai farashi ya tashi. Kana ganin irinsa zai yi gaggawar sallama 'ya ga mai kwat?

Kuma ka sani, waya ba ta mantuwa. In ka yi sake aka fasa, Allah ya kiyaye, hotunan nan suna nan a hannun mutane. Amma kada wannan ya hana ka barci, na riga na yi magana da mai hoto. Ya ce cire ka ba wuya, tunda akwai fili tsakaninku, kaina kawai zai ɗora. Ai dama matata ce, riƙo na ba ka.

Ga sharuɗɗan sulhu. Kuɗin sharar da nake bin ka tun watan cika-ciki, ka aiko da su, kuma sefa nake so, kada ka haɗa ni da canjinka. Ka kammala akwatin yarinyar mutane kafin albasa ta fito kasuwa, don ran da kuɗi suka shiga hannun surukinka maganarsa za ta ƙara tsada. Hoton faɗuwar nan kuma a wanke mini shi babba, a sa a gilashi, a shagona zan rataye shi inda duk mai wucewa zai gani. In ka cika waɗannan, ran ɗaurin aure ina sahun gaba, ni zan fi kowa ɗaga murya wajen amin, goron ma ni zan raba, rabin ya shiga aljihuna.

Fili a buɗe yake gare ka ka rama. Na san kana da labarin rawanina na sallar bara, ka fito da shi, ba na tsoro. Sai dai ka ba amarya ta duba maka rubutun kafin ka aiko. Ka gaida Kawu da Inna.